Ruwan da Na Zuba wa Malam a Ka

Ni ne ba ni da gaskiya. Gara in faɗa tun farko, domin na daɗe ina ba da labarin nan a rumfata ta yadda ni nake yin nasara.

Wanzami ne ni a Makarfi, kuma bakina ya fi askata kaifi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo mana malamin yaƙi da jahilci, wani siririn mutumin Ikara mai haƙurin tsiya. Mu ashirin da wani abu muke zama gabansa bayan la'asar, magidanta da gemunmu, muna haɗa baƙi da wasali. Rubutun nan ma shi ya koya mini.

Wata rana ya zo aji da lemo, ya ɗaga shi, ya ce haka duniya take, kuma juyawa take yi. Na tambaye shi me ya hana in kwanta a Makarfi in farka a Kudan, in huta da tafiyar ƙafa. Aka tuntsire da dariya. Dariyar nan ce ta lalata ni.

Ranar kasuwa malam ya zo aski. Na aske rabin kan, sai na kira masu rake da mahauta su zo su ga ilimi. Na ciko ƙoƙo da ruwa na juye masa a tsakar ka, ruwan ya gangara ta kunnuwa ya shige riga.

"To ga duniyar malam," na ce. "Wani ya nuna mini inda fadama za ta zauna."

Bai iya ko motsi ba, aska tana gefen kunnensa. A hankali ya ce, "Sarkin aska, ƙarasa mini in tafi."

Kafin magariba sunansa ya koma Malam Lemo. Aji ya fara zagwanyewa, don babu magidancin da ke son a ce wajen Lemo yake ɗaukar karatu. Aka koma mutum huɗu. Na ji an ce in mai duba azuzuwa ya zo daga Zariya ya tarar da haka za a rufe ajin, alhali da shi malam yake ciyar da iyalinsa. Na ji sarai, amma na ci gaba da ba da labarin, kullum ruwan yana ƙara yawa.

Tsohon limaminmu ne ya kashe mini baki, shi da na tabbata yana bayana. Ina yi masa aski na kwashe labarin na gaya masa, ina jiran ya sa mini albarka. Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce littattafan ilimin taurari da ya gada wajen mahaifinsa, tun kakan Bature bai san hanyar nan ba, sun ce duniya dunƙulalliya ce. Ya tambaye ni me ya sa rediyon mai shayi ke kawo kiran sallar magariba daga Makka alhali mu rana tana sama.

Na ce to ruwan fa?

"Wanda ya riƙe sama ba ginshiƙi, ruwan fadamarka ne zai gagare shi?"

Na ce me ya hana shi faɗa tuntuni.

"Yaushe ka taɓa yin shiru balle a faɗa?"

Kwana tara na yi ina kewaye-kewaye. Daga baya na bi abokan dariyata ɗaya bayan ɗaya, na ce duk wanda bai koma aji ba ya nemi wani wanzamin. Sha ɗaya suka biyo ni. Muka tarar da malam da mutum huɗunsa, gashi ya leƙo ta ƙarƙashin hula, don tun ranar bai sake miƙa wa kowa kansa ba.

Na durƙusa, na tuɓe hulata, na ajiye ƙoƙo cike da ruwa a gabansa.

"Malam, har yanzu ban gane yadda ruwan yake tsayawa ba. Amma na ci mutuncinka a tsakiyar kasuwa, na kore maka ɗalibai, don kawai a yi mini dariya. Ka yafe mini don Allah. Ga kai, ga ruwa."