Gaɓar Da Ban Liƙe Ba

Jama'a, abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, Allah ne shaidata. Shekara shida ke nan, lokacin ina da 'yar rumfata a Gwale ina ƙirar gwangwani, ina kuma haɗa wa mutane bututun hayaƙi na murhun zamanin nan mai cin dunƙulen ƙaiƙayin shinkafa.

Wata Juma'a da hantsi wani mutum mai suna Garba ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansu a Dala, wai mahaifiyarsa, Iya Abu, kullum ciwon kai da jiri, yana zargin bututun ɗakinta yana yoyo. Mijinta ne ya sa mata murhun saboda sanyi, kuma bai yi arba'in da rasuwa ba, tana cikin takaba. An yi an yi ta koma wani ɗakin ta ƙi, don haka tana bayan labule tana jan carbi na yi aikina.

Na kwance bututun, na kakkaɓe kunkunniyar da ta toshe shi, na bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya na liƙe, na kunna tsumma na ga hayaƙi yana hawa. Saura gaɓa ɗaya, wadda ta shige cikin rufin soro tsakanin azara, ita kuwa sai an fasa rufin ake kai mata. Na hau tsani ke nan da guduma, sai na ji an ƙwanƙwasa bututun sau uku daga cikin rufin, daidai saitin kaina, sannan aka yi tari, tarin dattijo.

Iya Abu ko gezau. Cewa ta yi, "Malam ne, maigidana, ɗan nan. Kullum na hura wuta sai ya buga, ban san me yake so ba."

To ni da ma ba jarumi ba ne, kuma a tunanina korata ake yi, ana cewa kada in taɓa wurin. Ban san yadda na sauko ba. Na tattara kayana, na tarar da Garba a zaure, na ce masa aiki ya kammala, a hura wuta ba komai. Ƙarya na yi masa, ina sane, don kawai in bar gidan.

Ranar Litinin bayan azahar Iya Abu ta rufe ƙofa ta ɗan kishingiɗa, murhu yana ci, ba ta tashi ba.

Bayan sadakar uku na kasa zama na kasa tsaye, na je na faɗa wa Garba gaskiya. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Tsani kawai ya ɗauko, muka fasa rufin tare. Gaɓar ta rabu, yatsu biyu za su shige. Amma a cikin tsagar an cusa wani ƙyalle, farin alawayyo sabo fil irin na likkafani, da jar ƙasa a jikinsa, an danna shi iya ƙarfi, bai dai isa ya toshe ba. Rufin nan kuwa babu wanda ya taɓa shi kafin mu. Garba ya daɗe yana kallon ƙyallen, ya ninke ya sa a aljihu.

Ban san mene ne ba, ba na kuma son sani. Na dai san kirana ake yi, ba korata ba, na gudu. Don Allah in kuna da murhu a ɗaki, ku sa a duba har gaɓar da ido ba ya gani, kada ku yarda da bakin mai gyara, ko da ni ne. Allah ya jiƙan Iya Abu, ni kuma ya yafe min.