Safiyar da Shafin Kawu Ya Daina Gaisuwa

A sana'armu ta gina shafukan intanet, kayan aiki ba sa samun damar tsufa. Ka koyi abu yau, ka fara jin kanka gwani, gobe a ce an fito da sabo, na jiya kuma ya zama na ƙauyawa. Ni dai ina son wannan haukan. Da na ga sanarwar sabuntawa, hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ofishinmu yana unguwar Oloumi, a saman garejin masu walda. Mu biyu ne, ni da abokin aikina, ɗan asalin ƙasar nan ta masu Faransanci da muke zaune, wanda cutar ta fi kama shi. Idan bai sauke sabon abu kafin shayin safe ba, ranar ba ta yi masa daɗi. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce mizajur, wato sabuntawa da Faransanci, har masu waldan suka koma kiransa da ita.

Shafi ɗaya ne ban taɓa yarda ya sa wa hannu ba, shi ne na Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Shagon atamfa da shadda da turare gare shi a unguwar Lalala. Ina ɗaliba na gina masa shafin, kuma muni kam ba a magana: kore shar, rubutu ɓaro-ɓaro, hotunan atamfa duk a karkace. Ranar da na nuna masa, ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"To, ya yi. Amma wa ke gaida mutane?"

"Kawu, shafi ne fa. Ba a gaisuwa a shafi."

"Butik ɗina ne, shagona, ko ba nawa ba? Mutum ya shigo, ba sannu ba maraba, sai a tura masa atamfa a fuska? Mu ba haka muke kasuwa ba."

Dole na naɗi muryar Inna, matarsa, wadda tare suke tsaron shagon. Na sha wahala, don da na kai mata waya baki sai ta fashe da dariya, ta ce ita kunya take ji ta gaida ƙarfe. Da ƙyar na samu abin da nake so, na yanke farko da ƙarshe, na bar tsakiya. Duk wanda ya buɗe shafin sai ya ji: "Maraba, maraba, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Bayan wasu shekaru Inna ta rasu, ciwon bai ma daɗe ba. Daga nan Kawu ya zama babban mai ziyarar shafinsa. Kullum da safe zai buɗe shago, ya yi shara, ya kunna turare, sannan ya buɗe tsohuwar kwamfutar da na ajiye masa a kan kanta. Inna ta yi masa maraba, ya ce "Yauwa, lafiya lau," sai a fara ciniki. Maƙwabtan shagon duk sun sani, ba wanda ya taɓa tanka masa. Abokin aikina yana yi mini tsiya, wai ina kiwon shafin zamanin da, ni kuwa ko a jikina.

Wata safiya ina hawa matakalar ofis wayata ta yi ƙara.

"'Yar nan, butik ya yi shiru," in ji Kawu.

Na juya na tari taksin haɗaka zuwa Lalala. Na same shi zaune gaban kwamfutar, ko shara bai yi ba. Ban daɗe ba na gano matsalar. Manhajar buɗe shafuka ce ta sabunta kanta, ta zo da sabuwar doka: ba shafin da zai sake yin sauti sai baƙo ya fara taɓa wani abu a cikinsa. Tsakani da Allah doka ce mai kyau, don ni kaina na sha tsine wa shafukan da ke kwarma talla ba a tambaye su ba. Na yi wa Kawu bayani a hankali.

"Su wa suka yanke wannan hukunci?"

"Masu manhajar, Kawu. Can ƙasar waje suke."

"Sun tambaye ni?"

Na kusa yin dariya, sai ya rage murya ya ce, "Amma tana nan?" Tausayinsa ya kama ni sosai. Na ce tana nan, ba inda ta je, ku ba ni zuwa anjima.

A ofis abokin aikina ya tare ni da murna, wai dama ta samu. Akwai sabuwar manhaja mai kwaikwayon murya, ka ba ta ɗan guntu kawai, sai Inna ta riƙa faɗin duk abin da muka rubuta, har da Faransanci. Ba zan ɓoye ba, hannun nan nawa ya yi ƙaiƙayi. Amma na hango Kawu yana sauraron matarsa tana faɗin abin da ba ta taɓa faɗa ba, na ce masa ya riƙe mizajur ɗinsa.

Na yi gyara mafi sauƙi, na sa maɓalli mai cewa a danna nan. Na koma shagon, Kawu ya danna, murya ta fito. Ya saurara, ya taɓe baki.

"Kamar ana kunna rediyo," ya ce. "Mutum ake dannawa?"

Na koma ofis raina a jagule. Mu masu wannan aiki muna da wata ɗabi'a, duk son sabon abu da muke yi ba ma zubar da tsoho. A kwamfutata akwai jakar fayil mai suna tsoho, a cikinta akwai tsoho-sosai, a cikin wannan kuma akwai kar-a-taɓa. Nan na tono ainihin naɗin kafin in yanke shi, ko zan samu wata dabara. Na toshe kunnuwa saboda ƙarar masu walda, na kunna.

Ga hon ɗin taksi, ga dariyar Inna, ga ni ina roƙonta. Sai wata murya daga bakin ƙofa ta yi sallama. Kawu ne, ya dawo daga ɗauko kaya a tashar jirgin ruwa ta Owendo, ni kuwa na manta sam. Nan take Inna ta daina dariya, ta amsa sallamar, ta yi masa maraba. Ashe ba ta taɓa gaida wayata ba. Gaisuwar da shafin ya yi shekaru yana raba wa jama'a, tasa ce tun asali.

Na goge rubutun maɓallin na sa Salamu alaikum, na mayar da abin da na yanke a farko da ƙarshe. Masu manhaja suna so baƙo ya fara motsi, mu ma ai mai shigowa ne ke fara sallama. Abokin aikina ya leƙo ya ce wannan ba sabuwar fasaha ba ce. Na ce na sani.

Washegari na riga Kawu zuwa shago. Ya yi shara, ya kunna turare, ya zauna ya karanta maɓallin. Ya gyara hula, ya yi sallama da baki, sannan ya taɓa.

"Wa alaikumus salam. Maraba, maraba, sannu da zuwa. Ya hanya? Ka ci abinci kuwa?"

Na ce, "Kawu, in kuna so in cire na ƙarshen, saboda masu sayayya."

Bai ko kalle ni ba. Ya matso kusa da kwamfutar ya ce, "Ban ci ba tukuna."