Tayar da Kawu Ya Cika a Isa

Ranar wata Laraba, saura kwana tara azumi, a shekarar da rijiyar ƙauyenmu ta ƙafe, ina zaune a bayan keken Baba, na rungume tabarmi huɗu da Inna ta saƙa. Kawu Sanda, ƙanen Inna, shi ke tuƙi. Mun baro wajen Gatawa za mu kasuwar Isa. Shekaruna ba su wuce tara ba.

Keken nan shi ne ruwanmu. Kullum da asuba Baba yakan ɗaura masa jarka biyu ya tafi gulbi, inda maza ke tona rairayi har tsayin mutum kafin su ga danshi. Da abin da ya kawo ake tuwo, a sha, a ba akuyarmu. Wanda muka wanke hannu da shi ma ba a zubarwa. Famfon keken kuwa fatarsa ta bushe ta tsage, sai dai aro.

Muna shiga Isa tayar gaba ta saki. Mai faci bai fito ba, sai Kawu ya ratse wurin wani abokinsa mai walda. Yana da tulun ƙarfe da yake zuba wani farin dutse a ciki, ya ɗiga ruwa, gas ya taso ta tiyo yana warin tafarnuwa. Suna ta ba'a, ya kafa tiyon a bakin tayar har ta ɗan miƙe. "Iska ai iska ce, Sanda," in ji shi. Kafin mu juya na ga ya ƙyasta ashana a bakin tiyon nan ɗin dai, wuta ta fito shuɗiya, ya ɗora ta a kan ƙarfe. A hanya Kawu ya saya mini ƙuli-ƙuli, ya ce, "Ke Hajo, kar in ji wanga zance a gida."

Washegari tayar ta sake yin laushi. Can da, Baba yakan tsoma tubu a kwanon ruwa ya ga inda ke kumfa. A shekarar nan wa zai ɓata kwano guda don neman huda? Sai mutanen garinmu suka koma kunna fitilar aci-balbal, su riƙa matsa tubu kusa da harshen wutar. Inda wutar ta karkata, nan hudar take.

Ina sharar ƙofar zaure na ga Baba ya zaro tubun da sauran iskarsa, ya jawo fitila. Na ji warin tafarnuwar nan. Na san abin da ke ciki, na ga yadda yake ci. Amma ni ce babbar ɗiyarsa, kuma a wurinmu uba yana kunyar babban ɗansa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa fara yi masa magana ba, sai ta bakin Inna. Ga kuma kashedin Kawu. Sai na yar da tsintsiya na ruga cikin gida in gaya wa Inna ta gaya masa.

Ban kai madafa ba na ji ƙara, fuu, kamar an zuba kananzir a murhu. Da muka fito, gemun Baba ya ƙone, girarsa babu, fatar hannunsa na dama ta saɓule. Yana durƙushe yana salati, idonsa a rufe.

Allah ya tsare idon. Hannun ne ya yi wata biyu bai riƙe komai ba. Kawu ya tafi ci-rani Maraɗi cikin satin, kunya ta hana shi sallama. Duk azumin nan Inna ce ke zuwa gulbi a ƙasa, da tulu a ka, ni ina biye da ƙaramin. Ruwan bai isa ba. Akuyar ta mutu kafin salla.

Da na gaya wa Inna gaskiya ina kuka, Baba yana ji daga ɗaki. Sai ya ce, "Hajara." Ranar na fara jin sunana a bakinsa. "In kin ga wuta za ta ci ni, hwaɗa mini. Babu kunya a nan." Bai ƙara ba, bai kuma sake tada zancen ba har ya rasu.

Yanzu akwai famfon burtsatse a bakin masallaci, kuma a gidana da tukunyar gas nake girki. Kwanan baya na tarar da ɗana Bashiru da abokansa sun kewaye ta da keke, wai sun gani a waya ana cika taya da ita, ta fi sauri. Ni da ba a jin muryata daga tsakar gida, na daka musu tsawa har sai da maƙwabta suka leƙo. Da suka watse na zaunar da shi, na kwatanta masa hannun kakansa, yadda yatsu biyu suka manne har ba ya iya jan carbi da su.

Ina kewar zauren nan, da ƙarar jarkoki da asuba. Taku uku ne tsakanina da Baba a ranar, na bar su na bi doguwar hanya.