Bargon da Ya Kai Tasi'u Brazil

Duk wanda ya zauna a lungunmu na Yakasai ya san wannan kiran: "A suturta! Tasi'u zai hau sama!" Da muryar da za ta iya tayar da mai barci a Ƙofar Nassarawa yake faɗa, sannan ya jingina tsani. Kun dai san al'adar cikin gari, namiji ba ya hawa kan soro sai ya sanar, don daga can tsakar gidan kowa a fili take. To sauran maza sai yaɓen damina ke kai su sama. Tasi'u kuwa kullum ta Allah. Kina tsaka da tsifar kai sai ki ji "A suturta!", ki zabura neman mayafi da rabin kai a tsefe.

Ni na fi kowa shan wahalarsa, don katanga ɗaya ce tsakaninmu. Taubashina ne, ni 'yar namiji shi ɗan mace, saboda haka bawana nake ce masa har muka yi furfura. Ni na tara matan lungu muka kai ƙararsa wurin mai unguwa. Mai unguwa ya ce ba zai hana mutum hawa soronsa ba, amma idonsa kada ya sauka gidan kowa. Washegari sai ga Tasi'u ya ɗaura faifai biyu a gefen fuskarsa da tsumma, ya kifa malafa a kai, yana lalube a kan tsani.

"Binta! Yanzu ko tsanin ma ba na gani. Hankalinku ya kwanta?"

Na ce, "Sai ka faɗo tukuna, bawana."

Abin da ke kai shi sama wata doguwar wayar ƙarfe ce da ya ja a kan soro. Tun yana aikin gyaran tarho ya kamu da son rediyo, ba irin wadda ake jin labarai ba, irin wadda mutum ke aika saƙo da kansa. Ya yi jarrabawa, ya karɓi lasisi da lambar da za a riƙa gane shi da ita, ya harhaɗa wata 'yar na'ura a cikin gwangwanin biskit. Aikinta ɗaya: ta riƙa aika lambarsa sama dare da rana ta cikin wayar nan. Idan wani mai irin wannan ciwon a wata ƙasa ya kama lambar, sai ya sanar, a gane cewa hanyar iska tsakanin Kano da can a buɗe take ran nan. An ji shi a Nijar, an ji shi a Masar, an ji shi a Turai. Burinsa guda ne ya rage, a ji shi a ƙetaren babban teku, can yamma. Ya yi ritaya yana jira, ya aurar da 'ya'yansa yana jira.

Matsalar ita ce wutar da gwangwanin ke aiki da ita ba ta kai ta ƙwan tocila ba. Abokinsa Malam Habu na Gwammaja, shi ma mai wannan ciwon, ya taɓa goyo wata ƙatuwar na'urar ƙara ƙarfi a bayan babur ya dire masa a zaure, kyauta.

"Malam Tasi'u, jona wannan. Wallahi kafin sati an ji ka a ko'ina."

Tasi'u ya zagaya ta, ya shafa ta, ya ce, "Idan na ƙara wuta, wutar aka ji, ba ni ba."

"To me zan yi da ita?"

"Bar ta nan. Ta yi daidai da zaman alwala."

Kuma a kanta ya yi ta alwala, Allah shaida.

Ga shi da maƙo, kai jama'a! Wayar da ya ja, ba saye ya yi ba. Daga cikin matattun fankoki ya warware ta, ya ƙulla guntu da guntu. Daga zankon soronsa ta taso, ta ratso katanga, ta ƙare cak a kan nawa soron. Ya zo da 'yar murya yana roƙon in bar shi ya ɗaura. Na bar shi, don na ga igiyar shanya ta zo har gida. Ran da ya hango zannuwana a jere a kanta, ya manta da faifan, ya manta da mai unguwa.

"Binta! Duniya nake magana da ita, kin rataya mini ɗan tofi!"

"Soron wa?"

"Wayar wa?"

Muka shekara muna wannan. In shanya, ya aiko a kwashe.

Ana nan gwiwoyinsa suka fara ba shi matsala. 'Ya'yansa suka taru suka yanke magana: da zarar damina ta wuce za a sauke waya, a ba da tsanin, Baba ya huta. Bai yi musu ba, wannan ne ma ya tsorata ni. Mutumin da zai yi gardama da kujera, ya sunkuyar da kai ya ce to. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da aka ce ya haƙura da shi.

Cikin wannan daminar zazzaɓi ya kwantar da shi. Lungu ya yi tsit, ba mai cewa a suturta. Rannan jikata ta tsula fitsari a wani tsohon bargona mai nauyin tsiya. Na wanke shi bayan la'asar, na duba ba inda zai ɗauke shi, na ce ai mai wayar yana kwance. Na haye soro na maka shi a kan wayar yana ɗigar ruwa.

Kashegari da hantsi na ji babur ya shigo lungu kamar zai rushe katanga. Malam Habu ne, hula a karkace, yana ɗaga wayar hannu. Ashe yanzu masu kama lambar a intanet suke sanarwa, shi yake duba wa Tasi'u.

"An ji ka! Malam Tasi'u, an ji ka a Brazil! Jiya gab da magariba!"

Mai zazzaɓi ya fito ba takalmi. Ya karɓi wayar ya kai ta har hancinsa, ya sa aka karanta masa, ya ce a sake. Sai ya zauna a kan abin alwalarsa ya yi ta hamdala, hawaye na bin gemunsa. Ni ma da na leƙo na gani sai da na share ido. Can ya ɗago.

"Habu, me ya canza jiya? Ban taɓa komai ba."

Suka ɗaga kai tare. Ga bargona yana lilo.

Na shirya jin faɗa. Sai na ji ya ce, a hankali, "Hajiya Binta." Tunda nake bai taɓa ce mini Hajiya ba. "Jiƙe yake lokacin da kika shanya?"

"Sharkaf."

Suka yi ta lissafinsu shi da Malam Habu, suka gano zancen. Ashe duk shekarun nan wayar ta gaza tsawon da ya kamata da kamar kamu ɗaya, saboda maƙonsa. Jiƙaƙƙen bargon ne ya cike giɓin, aka kuma yi dace hanya a buɗe take. Na ce, "To bawana, ka ga ikon Allah. Ilminka da lasisinka, fitsarin jikata ne ya kai ka Brazil."

Ya ce, "Allah ya yi mata albarka. A ƙara mata kunu."

Ran nan ya aika aka sayo waya sabuwa dal, kamu ɗaya, bai yarda an ƙara ko ɗan yatsa ba. Malam Habu ya hau ya ƙulla. Kafin damina ta ɗauke an sake jin sa a can, ba bargo ba komai, kuma da wannan 'yar wutar tasa. 'Ya'yan suka ba da tsanin, amma ba wanda ya ƙara zancen sauke waya. Duk wanda ya zo gaishe shi, ko mai tallan manja ne, sai ya ji labarin Brazil.

Da Tasi'u ya rasu, bayan an watse daga sadakar uku, Malam Habu ya ce ƙa'idarsu ba a barin lambar mamaci tana tafiya a iska, sai an kashe na'urar. Ya shiga ɗakin ya fito ya ce shi ba zai iya ba. Babban ɗan marigayin ma ya kasa. Ni na shiga. Gwangwanin na nan a kan taga, wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa, tana ta faɗa wa duniya sunan mutumin da muka riga muka kai makwanci. Na daɗe a tsaye kafin na zare batirin.

Allah Ka jiƙan Tasi'u, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa. Bai taɓa yarda ya ƙara wuta don a ji shi ba. Ya Allah, Kai ba Ka buƙatar a ƙara, Ka ji shi.