Fentin da Cleophus Ya Yi wa Akwatin Zaɓe

Cleophus Gaither ya shekara ashirin da biyu yana fenti a wani gari na bakin kogin Ohio a Amurka, kuma ko maƙiyinsa ya san in ya ja layi a bango, sai ka rantse da zare aka auna. Amma katin ƙungiyar masu fenti ya gagare shi. Ba kati, ba aikin manyan gine-gine, sai akurkin kaji da dangar tsofaffi. Laifinsa ɗaya ne, da shi aka haife shi: baƙar fata ne.

Ƙungiyar ba ta taɓa rubuta cewa ba ta karɓar baƙar fata ba. Ina! Ai su masu kunya ne. Wani akwati suke da shi mai rufi. In mutum ya nemi shiga, kowane ɗan ƙungiya sai ya zura hannu ta rami ba tare da ya ga ciki ba, ya lalubo ɗan katako ya jefa a aljihun akwatin. Mulmulalle fari ne, shi ne an yarda. Mai kusurwa huɗu baƙi ne, in suka kai uku an ƙi ka. Duk wanda kuma ya faɗi abin da ya jefa, a ranar za a karɓe katinsa. Sau shida Cleophus yana nema, sau shida aljihun yana fitowa kamar an zuba gawayi.

A 1951 fentin zauren ƙungiyar ya ɗaɗɗaye. Masu fenti sittin, amma ba mai hawa tsani a banza ranar Asabar. Sai shugabansu Mista Duggan ya aika aka kira Cleophus.

"Kai yaro, ka yi mana shi tas." Yaron nan fa ya ba hamsin baya, har da furfura.

"An gama, yallaɓai. Komai da komai?"

"Kurma ne kai? Komai da komai na ce."

A ranar, matarsa Odessa ta gan shi yana cin wake da burodin masara yana murmushi shi kaɗai.

"Cleophus, ban yarda da wannan murmushin ba. Rabona da shi tun ranar da ka shafa wa akuyar fasto shuɗi."

"Haba Dessa, umarni kawai na bi. Miƙo min alƙalami, zan sake nema."

Da yammacin Juma'a aka yi zaɓe, shi kuwa yana waje da hula a hannu, yana leƙe ta tagar da ya wanke da kansa. In abin ya ƙi, ko aikin fentin dangar ma ya rasa. Ɗaya bayan ɗaya suka zura hannu suna lalube, fuskoki kamar na waliyyai. Duggan ya jawo aljihun. Fari fat! Masu kusurwa sun fi arba'in a ciki, kowanne ya sha farin fentin Cleophus shafi uku yana ƙyalli.

Wani ƙato mai suna Kowalski ya zabura. "Ƙarya ne! Ni fa da hannuna na jefa..." Sai ya tuna katinsa da 'ya'yansa biyar, ya haɗiye sauran maganar ya zauna.

Tsohon magatakarda ya gyara tabarau ya buɗe littafin doka. "Baƙi uku aka rubuta, ba a ambaci kusurwa ba. Akwai mai son gaya mana abin da ya jefa?"

Dokar da suka yi shekaru suna fakewa a bayanta ita ta ɗaure musu baki.

A al'adarsu 'yan ƙungiya da ɗan'uwa suke kiran juna. Duggan ya miƙa wa Cleophus katin. "Ungo... ɗan'uwa."

"Na gode ɗan'uwa. In da wani abin da za a ƙara shafawa, ina nan."

Mako bai zagayo ba 'yan ƙungiyar suka sayo sababbin katakai baƙaƙe, suka sa wa akwatin kwaɗo. Cleophus ya yi fentin makarantu da otel-otel, kuma har ya tsufa yana ba da labarin nan yana dariya har da hawaye. Akwai dai wurin da dariyar take tsayawa. Shekara goma sha huɗu, duk lokacin da wani baƙar fata ya nemi shiga, aljihun yakan fito cike da gawayi, da farin mulmulalle ɗaya tak a tsakiya. Odessa ta taɓa tambayarsa na wane ne.

"Doka ta hana in faɗa," ya ce, ya ture kwanon abincin gefe.