Tunkiyar Adamu a Hannun Dado

Da sunan Allah, wanda Ya halicci babba da ƙarami.

Dado makiyayi ne a ƙauyen Tenhya, mai ƙarancin magana, wanda ban taɓa rasa shi a sahun asuba ba. Lokacin da fari ya cinye garkensa, amininsa Adamu ya ba shi tunkiya habbanaye, wato aron makiyaya: ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita. Ba shi da wata dabba sai ita.

A ƙarshen daminar bara, tana da ciki, ya sauka da ita bakin wani tafki inda shanun baƙi suka kwaɓa laka da kashinsu. A irin wannan laka ake samun ƙyashi, ƙwaron da ido bai cika kamawa ba, sai dai a ji cizonsa gab da magariba. Ba a jima ba tumakin maƙwabta suka fara dalalar da yawu, harshe ya kumbura ya yi duhu, suna ɗingishi har su kwanta. Likitan dabbobi daga garin Tanut ya ce cikin ƙwaron yana ɗauke da abin da ya tsotsa. Idan ya sha jinin saniya mai cutar, ko da lafiyarta lau a ido, tunkiyar da ya ciza daga baya tana cikin haɗari.

Dado ya zo ya tambaye ni, a matsayina na limami, ko guje wa annoba da dabba ya saɓa wa tawakkali. Na ce masa bai saɓa ba. Sai ya hau da ita tudu mai iska, yana ɗauko mata ruwa daga nesa, yana buɗe bakinta kowace safiya yana dubawa.

Wata safiya ya ga yawu a leɓenta. Ya ja ta zuwa wurin Adamu domin mai ita ya gan ta da rai. Adamu ya tare shi nesa da garke.

"Tsaya nan, ɗan'uwana. Kada ka matso da ita."

"Taka ce, Adamu."

"Tawa ce. In ta mutu babu kome a wuyanka, amma mayar da ita tudu."

Dado ya juya da ita shi kaɗai. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma cikin ya zube. Har yau tana hannunsa a tudun, kuma ya ƙi sauka da ita tafki ko da rana tsaka.