Fuskar Kakana a Ƙaramin Fim

Ko da zan manta komai na zamanin da nake ɗaukar hoto, ba zan manta ranar da na kori mai babbar kyamara daga ƙofar gidanmu ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Kakana malami ne a Ƙofar Dumi, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Wata ƙaramar Sallah da zuri'arsa ta taru, 'ya'yansa suka yi ta roƙo har ya amince, amma da sharaɗi: sau ɗaya tak, kuma a cikin jama'a. Kawuna ya kirawo wani dattijo Bayarabe mai shagon hoto kusa da Kasuwar Muda Lawal. Ya zo da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake lulluɓe kansa da shi. Fim ɗinsa ya kai faɗin tafin hannu, kowane ɗaya hoto ɗaya kawai yake ci.

Ni kuwa ban daɗe da sayen 'yar kyamarata ba, mai ƙaramin fim da ke ɗaukar hoto talatin da shida. Ba nauyi, ba jira. A gidan biki kafin amarya ta juya na ɗauke ta sau uku. Kaina ya kumbura. A gaban mutane na yi wa dattijon dariya, na ce kafin ya gama kafa wannan rumbun nasa Malam ya gaji ya shige. Na dage sai ni zan ɗauka, Kawu kuma ya biye mini.

Dattijon ya ce, "Ɗana, mutum ya yi yawa. Fim naka ƙarami ne, fuska ba zai fito ba." Na ce masa zamani ya wuce shi. Ya naɗe kayansa, ya gaida Malam, ya tafi.

Mun fi mutum sittin. Sai da na ja baya har bangon maƙwabta kafin kowa ya shiga. Na danna sau ɗaya, Malam ya tashi.

Bayan wata huɗu Allah ya yi masa rasuwa. Mahaifiyata, wadda ita ce babbar 'yarsa, ta ce in fitar mata da fuskarsa shi kaɗai, a ƙara girmanta. Duk inda na kai fim ɗin sai a tura ni wurin dattijon nan. Na je ina sunkuyar da kai. Bai goranta mini ba, wannan ma ya fi yi mini ciwo. Ya ɗaga fim ɗin a haske, fuskar Malam ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. Da ya ƙara girmanta, ga rawani, ga farin gemu, tsakaninsu kuwa ɗigo-ɗigo ne kamar yashi. A bangon shagonsa akwai hoton taron wani gida da ya ɗauka da babban fim, har ɗinkin hular na baya ana gani.

Ya ce, "Abin da fim bai kama ba, ni ba zan iya sa shi ba."

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Ina idanun Baba?" Duk da haka ta rataye shi a ɗakinta, in jikoki sun tambaya sai ta kwatanta musu kamanninsa da baki.

Tun daga ranar na gane kowane kayan aiki da inda ya fi amfani, kuma in wanda ya riga ni a sana'a ya yi magana, shiru nake yi in saurara. Abin da sau ɗaya za a yi shi, ba wurin nuna iyawa ba ne.